Rasuwar Allon Ƙusoshi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda fushi kuma ya hau ya zauna daram a kanta, Uwar Allo, mai raba aiki a masana'antar kujeru da tebura, tana sanar da kafintoci da masu fenti da direbobi, da duk wanda ya taɓa shigowa ta babbar ƙofa ya dubi bangon hagu, rasuwar abokin aikinta mai rufa asirin jama'a, Allon Ƙusoshi. Ya rasu ranar Litinin ta makon jiya da safe, yana da shekara ashirin da shida a bango, bayan jinyar wata huɗu. Ba tsufa ne ya kashe shi ba, ba gara ba ce, ba kuma yoyon rufi ba. Kashe shi aka yi ƙiri-ƙiri a gaban mutum arba'in. Za a zayyana masu hannu a ciki kafin sanarwar nan ta ƙare, kuma ba wanda za a tsallake.

An haifi marigayin a cikin masana'antar nan, daga ragowar falankin da ba wanda ya kula da shi. Kawu ne ya haɗa shi, wato ƙanin mahaifiyar Uwar Allo, babban mai zarto, mutumin da tsohon Maigida ya fara ɗauka aiki tun masana'antar tana rumfa ɗaya da benci biyu. Falanki bakwai ya sassaƙa, ya cusa bakin wannan cikin wancan, bai ɗiga masa gam ba ko ɗis, har ya zama fuska ɗaya sumul. Da ya gama sai ya share hannu a gaban riga ya ce duk ranar da aka so kwance allon nan a nemo shi, don kowa ya taɓa sai ya tsaga shi. Aka yi dariya, aka ce Kawu da cika baki. Ya jera masa ƙusoshi ɗari da tamanin, sannan ya kira 'yar yayarsa, wadda ba ta daɗe da gama makaranta ba, ya ce ta riƙe shi amana. Tun daga ranar sunanta na gaskiya ya ɓace a masana'antar, kowa sai Uwar Allo.

Ga waɗanda ba su yi sa'ar saninsa ba, ga yadda marigayin ya yi rayuwarsa. An raba shi gida shida: zarto, sassaƙa, haɗi, guga, fenti, lodi. Kowane aikin da aka kawo yana da ɗan katakonsa mai rami, da zare a wuya: ja idan mai kaya yana sauri, shuɗi idan mai haƙuri ne, baƙi idan ya taɓa zagin wani a waya. Kowane ma'aikaci shi ma yana da nasa ɗan katakon a aljihu, da safe ya miƙa wa Uwar Allo ta rataye shi inda zai yini. Idan aiki ya fita daga zarto sai ɗan katakonsa ya matsa gida na gaba. Direba yana bakin ƙofa, bai ko kashe mota ba, zai leƙo ya san ko akwai lodi. Mai sito yana ɗaga kai zai san falanki zai ƙare ranar Alhamis. Ba wuta, ba caji, ba lambar sirri, kuma ba wanda ya taɓa jin marigayin ya ce a jira yana tunani.

Ba mai yawan magana ba ne, amma yana da murya. Idan aka rataye masa ɗan katako sai ya ce ƙwas. Idan Dogo, mai zarto na biyu, ya bugo ƙofa da kafaɗa kamar yadda ya saba, sai 'yan katakon duka su amsa, kacau-kacau, har sai sun gaji. Uwar Allo tana iya juya masa baya tana shan shayi, daga sautinsa kaɗai ta san wa ya taɓa shi.

Amma babbar nagartar marigayin, wadda saboda ita aka rubuta sanarwar nan, tana can ƙasa a kusurwar hagu, daidai gwiwar mutum. Ƙusa ce ɗaya da ta lanƙwashe tun ranar da ake kafa ta, Kawu zai cire, tsohon Maigida ya ce a bar ta. Ba wanda ya zauna ya kafa mata doka, amma kowa ya san aikinta. Duk wanda ya tashi ya ji ba shi da natsuwar tsayawa gaban inji, ko matarsa ce ke asibiti, ko zazzaɓi ne, ko wani abin da baki ba zai iya furtawa ba, sai ya wuce Uwar Allo, ya sunkuya kamar zai gyara takalmi, ya rataye ɗan katakonsa a lanƙwasasshiyar ƙusar da hannunsa. Ranar nan za a sa shi guga, ko jera falanki, ko wani aikin da ba shi da haƙori. Ba wanda zai tambaye shi, ba wanda zai yi masa sannu ma, don sannun kanta tambaya ce. A shekara ashirin da shida masana'antar nan ba ta taɓa asarar yatsa ko ɗaya ba, kuma wanda ya san aikin katako ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Shekara uku da suka wuce, wata safiya, Kawu da kansa ya sunkuya ya gyara takalmi. Washegari ya sake. Haka ya zarce kullum, har ƙusar ta yi sheƙi. Idanunsa ne. Dishi-dishi ya fara gani da na hagu, abin ya bi na dama, har ya zamana yana ganin mutum a tsaye amma ba ya ganin layin fensir a jikin falanki. Uwar Allo ta sani, Dogo ya sani, masu fenti sun sani, mai shara ma ta sani, kuma ba bakin da ya furta. Dogo ya ɗauki babban zarto ba tare da an ce masa ya ɗauka ba. Kawu ya koma wasa haƙoran zarto da duba haɗi da tafin hannu, kuma kujerar da ta wuce ta ƙarƙashin hannunsa ba ta taɓa dawowa ba. A takarda kuwa yana nan babban mai zarto, sunan da 'ya'yansa da jikokinsa suka san shi da shi.

Cutar ajali ta shigo ne ta matakalar bene, inda ofishin Maigida yake. Tsohon Maigida ya kwanta rashin lafiya ya bar masana'antar a hannun ɗansa, wanda ya dawo daga karatu da takalmi mai tsini da hanci mai ƙin ƙurar katako. Uwar Allo ba za ta yi wa mamaci ƙarya ba, marigayin ya yi kuskure sau ɗaya. Ɗan katakon wani aiki na kujera sittin ya faɗo ya shige bayan kabad, sai da mai kayan ya zo da mota biyu aka tarar ko itacen ba a yanka ba. An ji kunya, an sha faɗa. Amma kuskure ɗaya a shekara ashirin da shida, wane ɗan adam ne a benen can zai dafa ƙirji ya ce ya yi haka? Ɗan Maigida bai duba wannan ba. Ya sauko ya tsaya gaban allon, hannu a aljihu, ya ce wai da wannan tarkacen ake tafiyar da kamfanin mutum arba'in.

Bayan sati biyu sai ga wani bawan Allah da jaka a baya da na'ura a hannu. Kafin rana ta yi tsaka masu fenti sun raɗa masa suna Malam Danna-nan, don ba ya jimla biyu bai faɗi haka ba. Aka kashe injuna, aka tara jama'a a kan benci. Ya ce abin da ya kawo manhaja ce ta tafiyar da kamfani gaba ɗaya, masu ita suna kiranta da haruffa uku, I-Ar-Pi. Ya ce a yanzu kowane ɓangare saninsa yana kansa, manhajar za ta zuba shi duka a wuri ɗaya. Da zarar an rubuta odar kujera hamsin, ita da kanta za ta san falankin da za su ci, ta duba sito, ta sanar da mai sayo kaya idan bai isa ba, ta raba aikin gwargwadon ƙwarewar kowa, ta gaya wa direba ranar lodi. Ba ɗan katakon da zai sake faɗawa bayan kabad. A nan ya yi murmushi ya dubi bango, wasu marasa kunya suka taya shi dariya. Uwar Allo tana ƙarshen benci tana harararsa, don duk abin da mutumin nan ya zayyana, marigayin yana tsaye a bayansa yana yin sa a daidai lokacin.

Magana ɗaya ya faɗa wadda Uwar Allo take jin haushin tunawa, don gaskiya ce. Ya ce manhaja ba boka ba ce, abin da aka gaya mata kaɗai ta sani, saboda haka zai zauna da kowa, kowa ya faɗa masa yadda yake aiki da gaske. Sai dai bai san mutanen da ya shigo cikinsu ba. Baƙo ya zauna gabanka yana rubuta duk abin da ka faɗa, ɗan Maigida yana tsaye a bayansa, wa zai tona wa kansa ko ɗan uwansa asiri? Kowa ya gyara murya ya faɗi yadda ya kamata a yi aiki, ya bar yadda ake yin sa a ciki. Mai sito, wanda rabonsa da leƙa ƙarshen sito tun yana da baƙin gashi, ya ce kullum sai ya zaga shi sau biyu.

Ranar da layi ya zo kan Uwar Allo, ta tsaya gaban marigayin ta yi bayaninsa gida-gida, fuska a murtuke. Malam Danna-nan yana shirin rufe na'urarsa idonsa ya faɗa ƙasa.

"Hajiya, wannan ta ƙasan fa, mai lanƙwasa? Ga ma ɗan katako a jikinta."

Na Kawu ne. Shi kuwa Kawu yana can kusa yana wasa zarto, kunnensa a buɗe, ɗan Maigida kuma yana tsaye yana jiran amsa.

"Ba komai ba ce," in ji Uwar Allo. "Wanda ya faɗo ne muke maƙalewa a nan kafin a mayar."

"To Baba mai zarto, in sa shi a babban inji ke nan, kwana shida a mako?"

"Sa shi. Aikinsa ne."

Ya danna. Uwar Allo ta koma gida ranar nan tana ganin ta rufa wa kawunta asiri. A tunaninta ita ce dai za ta ci gaba da raba aiki, manhaja ta yi ta rubutunta a bene.

Wata huɗu aka yi ana tafiya da su biyun, marigayin yana ta ramewa a idon jama'a. Aka ɗauke masa gidan lodi, aka ce direbobi su duba waya. Jan zare ya ƙare aka ƙi sayo wani. Uwar Allo tana goge masa ƙura da safe, da yamma tana ajin koyon danne-danne, inda aka ba ta lambar sirri mai wata alama kamar ƙugiya, aka ce kada ta rubuta, kuma kada ta manta. Sau uku ta hau matakala da niyyar gaya wa ɗan Maigida maganar ƙusa. Sau uku tana kaiwa ƙofa ta tuna Kawu yana share hannu a gaban riga, ta juyo ta ce gobe.

Ranar Litinin ɗin ta iso da wuri ta tarar an riga ta. An sauke marigayin, an jingine shi a lungun shara fuskarsa ga bango, an zube 'yan katakonsa a bokitin fenti. A gurbinsa an kafa allon gilashi da bai kai rabinsa ba. Ɗan Maigida, bakinsa har kunne, ya ce daga yau manhaja ce ke raba aiki, kowa ya dangwala yatsa a bakin ƙofa ya duba sunansa. Ba wanda ya ga ya dace a gaya mata tun kafin ranar. Tana neman kalmar da za ta fara da ita, sai ga Kawu ya shigo.

Ya bi hanyarsa ta kullum, taku goma sha biyu daga ƙofa, ya sunkuya, ya miƙa hannu da ɗan katakonsa. Hannun ya sami bango. Ya shafa sama, ya shafa ƙasa. Mutum arba'in suna tsaye, kowa ya sami abin kallo a kan takalminsa. Kawu ya miƙe a hankali ya mayar da ɗan katakon aljihu.

"Baba, ba sai ka rataye komai ba yanzu," in ji ɗan Maigida da fara'arsa, don har ga Allah bai san komai ba. "Ga sunanka can a sama. Babban zarto, falanki arba'in."

Dogo ya matso ya ce shi zai yi, ai ya saba. Ɗan Maigida ya ce a'a, yau ranar farko ce, kowa ya tsaya inda manhaja ta sa shi. Kawu ya sa rigar aikinsa, ya je ya kunna injin da rabonsa da shi shekara uku. Falankin farko ya wuce lafiya, hannu ya tuna. A na biyu sai Uwar Allo ta ga yatsansa yana bin jikin katako yana laluben layin fensir, yana tafiya, yana tafiya, kuma inda layin ya nufa nan haƙoran suke. Ba ta san lokacin da ta tsallake tarin falanki ba. Ta daki jan maɓallin da tafin hannu, injin ya yi gurnani ya tsaya, tsakanin yatsan da haƙoran bai kai faɗin yatsa biyu ba.

Ɗan Maigida ya taso ransa a ɓace. "Don an cire miki allo sai ki kashe mana inji? Ki gaya mini dalili yanzu, a gaban kowa."

Ta dubi jama'a ko wani zai ɗauke mata. Ba wanda ya ɗago.

"Ba ya gani," ta ce. "Shekara uku ke nan ba ya ganin layi."

Kawu ya cire rigar aikinsa, ya ninke ta, ya ajiye a kan injin, ya ɗora ɗan katakonsa a kai. Ya juyo inda muryarta ta fito ya ce, "Sannu da aiki, 'yar nan." Ya fita ta babbar ƙofa bai yi tuntuɓe da komai ba. A wurin Uwar Allo, a daidai wannan lokacin ne Allon Ƙusoshi ya cika.

Tun ranar Kawu bai sake takowa ba. Kullum aka tashi sai Uwar Allo ta je gidansa, kullum matarsa ta tare ta ta ce yana hutawa, alhali ga tarinsa nan ana ji daga ɗaki. Shi kuwa Malam Danna-nan, da ya ji labari, sai ya zo da fuskar tausayi ya ce ai da an gaya masa, manhajar tana da gurbin mayar da mutum aiki mara haɗari, minti biyu ne. Ya danna ya nuna mata. Gurbin yana nan kuwa. A ƙarƙashinsa akwai ɗan akwati da aka rubuta dalili, da jan tauraro a gefe, wato ba za ta wuce ba sai an cike shi, kuma abin da aka rubuta zai hau bene ya zauna. Uwar Allo ta ce masa ƙusarsu ba ta taɓa tambayar kowa dalili ba. Ya ce ai tsari ne. Allah ne ya taimake shi ba guduma kusa da hannunta.

Ga masu hannu a kisan, kamar yadda aka yi alkawari. Ɗan Maigida, wanda ya gaji bene bai gaji lura irin ta ubansa ba, ya shekara yana wuce tsohon nan bai taɓa tambayar kansa me ya raba babban mai zarto da zartonsa ba. Malam Danna-nan, wanda ya ga ƙusa tana sheƙi saboda amfani, aka ce masa ba komai, ya yarda don yana sauri. Mutum arba'in da suka ci moriyar ƙusar nan ɗaya bayan ɗaya, suka tsaya kallon takalma suna jiran wata ta tsallake falanki. Manhajar kanta, Uwar Allo ta so ƙwarai ta sa ta a sahun gaba, amma abin takaici ba ta yi komai ba sai abin da aka gaya mata. Wadda ta gaya mata kuwa, wadda aka tambaya ido da ido ta ce sa shi, aikinsa ne, wadda ta hau matakala sau uku ta sauko da maganar a bakinta har ta zo ta amayar da ita a gaban kowa, ita ce mai wannan sanarwa. Da a bene ta faɗa, kunne biyu ne za su ji. Wannan fushin ne ta rasa inda za ta sauke shi.

Marigayin ya rasu ya bar ƙusoshi ɗari da saba'in da tara a jikinsa, da 'yan katako cike da bokiti, da kujerar da Uwar Allo take takawa ta kai layin sama. Ya bar farin tabo a bango, wanda ya zagaye allon gilashi ta ko'ina yana nuna wa kowa girman wanda ya tafi. Ya bar lanƙwasasshiyar ƙusa, wadda Uwar Allo ta zare da hannunta, tana cikin jakarta, duk wanda ya ce dukiyar kamfani ce ya zo ya karɓa da kansa. Ya kuma bar mahaifinsa, Kawu, a raye.

A kan mahaifin nan ne ake roƙon jama'a su karanta sauran da kyau. Manhajar tana da doka: wanda ya yi sati biyu bai dangwala yatsa ba, za ta rufe sunansa da kanta. Ranar Litinin mai zuwa sati biyun Kawu ke cika. Ɗan Maigida, a faɗi gaskiya, jikinsa ya yi sanyi tun ranar, ya ce Kawu ya dawo ya riƙe duba haɗi, darajarsa ba za ta ragu ba. Har mota ya tura, motar ta dawo ba kowa. Kawu ba mutumin da ake ɗaukowa don tausayi ba ne, aiki kaɗai ke fito da shi.

Saboda haka ga tsarin jana'iza. Ba za a yi wa marigayin salla ba, katako ne, Uwar Allo fushi take yi ba hauka ba. Ba kuma za a sa masa zarto ba, duk da an riga an rubuta shi cikin guntayen da za a yanka, kuma duk wanda ya kusance shi da inji zai san dalilin da ya sa masu fenti suke tsoronta. Za a dawo da shi gindin bangonsa a jingine, a kwance shi falanki-falanki ranar Asabar da hantsi. Dogo ya gwada jiya, ya yi zufa rabin awa, bakin falanki ɗaya ya fara tsagewa ya bari. Haɗin nan ba a ganinsa da ido, sai dai a ji shi da hannu, kuma mutum ɗaya ne a duniya ya san ta inda ya shiga.

Uwar Allo ta zauna gaban manhajar jiya, ta sa lambarta mai ƙugiya, ta buɗe sabon aiki da kanta ba ta kira kowa ba. Aiki: kwance allo, da hannu, ba inji. Ma'aikaci: babban mai zarto. Da ta zo akwatin nan mai jan tauraro ta daɗe tana kallonsa, sannan ta rubuta: shi ya haɗa shi. Manhajar ta karɓa.

Ana roƙon Dogo ya kai wannan sanarwa gidan Kawu tare da rigarsa da ɗan katakonsa, ya tsaya kusa da taga ya karanta da ƙarfi tun daga farko, kada ya tsallake wurin masu laifi. Za a buɗe babbar ƙofa tun ƙarfe bakwai. Ba a buƙatar ta'aziyya, ba a buƙatar jawabi daga bene. Gawa za ta jira har a tashi aiki, Uwar Allo kuma za ta jira tare da ita. Yatsan da zai dangwala a bakin ƙofa yana nan a hannunsa, wannan kaɗai ne ba ta nadamarsa. Idan ya zo, kada kowa ya yi masa sannu, kada kowa ya kama masa hannu. A dai kwashe tarkace daga hanya. Taku goma sha biyu ne daga ƙofa, kuma ya fi kowa saninsu.